An kama su a Maraɗi, me ya hana a kawo su Katsina?

"Assalamu alaikum, Barista. Ni ɗan kasuwar dabbobi ne a yankin Jibiya. A daminar bara 'yan bindiga suka faɗa wa rugar da nake ajiye shanu, suka kora guda 38, suka harbi yaron da ke kiwo a ƙafa. Bayan wata biyu aka kira ni cewa jandarmomi sun kama mutum uku a wajen Madarunfa da wasu shanu. Na je na gane tara daga cikin nawa ta tambarin da ke cinyarsu. Har yau mutanen suna tsare a Maraɗi, shanun ma ba a ba ni ba. 'Yan sandanmu sun ce sun rubuta, can kuma sun ce ba su ga takarda ba. Tsakaninmu da Maraɗi tafiyar awa guda ce da 'yan mintoci. Me ya hana a sa su a mota a kawo su, a hukunta su inda suka yi ɓarnar? Ko babu wata yarjejeniya ce tsakanin ƙasashen nan biyu?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri, ya ba yaron nan lafiya. Idan na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: ko akwai dokar da ta ba ƙasa damar karɓo mai laifi daga maƙwabciyarta, sannan idan akwai, me ya sa maganarka ta tsaya cik. Amsar farko mai sauƙi ce, yarjejeniyoyi akwai su, wasu ma sun haura shekara 30. Ta biyun ce ke da tsawo. Kuma bari in faɗa maka ra'ayina tun daga nan, don kada ka sha karatu kana jiran abin da ba zan ce ba: a irin shari'arka, ban ga hikimar ka zuba ƙarfinka wajen neman a dawo da mutanen nan ba. Abin da ya kamata ya tsallaka iyaka shi ne hujja, ta tashi daga Jibiya ta same su a Maraɗi. Na yi shekaru ina gabatar da ƙara a madadin gwamnati kafin in koma zaman kaina, kuma sau da yawa na ga yadda neman a kawo mutum ke cinye lokacin da ya isa a yanke masa hukunci a inda yake.

Inda ikon alƙali ke ƙarewa

Kai da mutumin Ɗan Isa, garin Nijar da ke ƙetaren iyakarku, harshenku ɗaya, kasuwarku ɗaya, wataƙila ma akwai auratayya. Amma sammacin da alƙalin Katsina ya sa wa hannu, da zarar ya wuce shingen ƙarshe na Magamar Jibiya, ya zama farar takarda. Ɗan sandan Najeriya ba shi da ikon taɓa rigar kowa a ƙasar Nijar, jandarma ma haka yake idan ya shigo mana. Masu laifi sun fi kowa sanin wannan. Iyakar da ke tsakanin ƙasashen biyu ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza. Ɓarawo na kora shanu daga gefen dajin Rugu da dare, gari na wayewa yana dajin Baban Rafi a Nijar. Mai tiramadol na sauke kaya a tashar jirgin ruwan Kwatano ko Lome, ya ratsa ƙasa uku kafin ya kai Agadas. Tan 17 na tabar wiwi da aka kama a Yamai a watan Maris na 2021 daga Labanan ta taso, ta sauka a Lome, ana shirin wucewa da ita Libiya. Laifi ɗaya ne, amma shaidunsa suna warwatse a ƙasa huɗu, kowace da alƙalinta da dokarta.

Don toshe wannan kafar ne ƙasashe suka ƙirƙiro hanyoyi biyu, kuma mutane kan rikita su. Ta farko ita ce miƙa wanda ake tuhuma, wato ƙasa ta roƙi wata ta kama mutum ta damƙa mata shi. Ta biyu ita ce taimakon juna a shari'ar laifuka: ba mutum ake nema ba, aiki ake roƙo. A ɗauki bayanin shaida, a binciki gida, a karɓo bayanan layin waya ko na banki, a riƙe dukiya, a aiko da kayan shaida. Ta farkon ce ke shiga jarida. Ta biyun ce ke cin shari'a.

Abin da aka sa wa hannu

Ƙasashen ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira CEDEAO, sun rattaba hannu kan yarjejeniyar taimakon juna a shari'ar laifuka a Dakar a watan Yulin 1992, sannan ta miƙa masu laifi a Abuja a watan Agustan 1994. A saman waɗannan akwai ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan gungun masu laifi da ke aiki tsakanin ƙasashe, wadda aka fi sani da yarjejeniyar Palamo saboda garin Italiya da aka sa mata hannu a Disambar 2000. Ta fara aiki a 2003, kuma Najeriya da Nijar duk suna ciki. Sashe na 16 na magana kan miƙa mutum, na 18 kan taimakon shari'a, na 19 kan binciken haɗin gwiwa. Ka lura da ma'anar da ta ba "gungu": mutum uku ko fiye da suka tsara kansu don neman dukiya ta hanyar babban laifi, wato wanda hukuncinsa zai iya kai wa shekara huɗu ko sama. Ka ga ba sai masu hodar iblis da jiragen sama ba. Mutum uku da bindiga da shanun sata a ƙetaren iyaka sun shiga wannan awon.

A cikin gida kuma muna da Dokar Miƙa Masu Laifi ta 1966, da Dokar Taimakon Juna a Shari'ar Laifuka ta 2019. Kafin ta 2019, dokar da muke da ita a wannan fanni ta taƙaita ne ga ƙasashen renon Ingila, alhali duk maƙwabtanmu na ƙasa, Benin da Nijar da Cadi, renon Faransa ne, Kamaru ce kaɗai a cikin maƙwabtan ta shiga ƙungiyar renon Ingila, a 1995. Wato mun daɗe da tsararriyar hanyar aika buƙata zuwa Kanada ko Ostareliya, ta zuwa Damagaram kuwa sai lalube. Ni dai wannan abin bai taɓa daina ba ni mamaki ba.

To amma kowace yarjejeniya da sharuɗɗanta, kuma biyu daga ciki sun tsaya a gaban motar da kake son a sa su. Na farko, ƙasa ba ta da tilas ta miƙa ɗanta. Yarjejeniyar 1994 ta bar wannan ga ganin damar ƙasar da aka roƙa, kuma ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa sun daɗe da al'adar ƙin ba da 'yan ƙasarsu. Idan mutanen nan uku, ko ɗaya daga cikinsu, ya fito da takardar zama ɗan Nijar, magana ta canza. Abin da yarjejeniyar ta tanada a madadin haka shi ne ƙasar da ta ƙi bayarwa ta miƙa lamarin ga masu gabatar da ƙararta idan an nemi hakan. Ko ka bayar, ko ka gurfanar. Riƙe wannan, domin shi ne ƙofarka.

Na biyu, hukuncin kisa. Fashi da makami a Najeriya hukuncinsa kisa ne, kuma jihar Katsina ta tsaurara dokarta a 2019 kan satar shanu da garkuwa da mutane. Nijar ba ta goge hukuncin kisa daga littafinta ba, amma rabonta da zartar da shi tun 1976. Togo da Benin da Cadi kuwa sun soke shi gaba ɗaya. Duk lauyan da ya san aikinsa, idan yana kare wanda ake son miƙa wa Najeriya, da wannan zai fara. Akwai kuma sauran sharuɗɗan da aka saba: dole abin ya zama laifi a ƙasashen biyu, hukuncinsa ya kai aƙalla shekara biyu, kada ya zama laifin siyasa, kuma idan an ba ka mutum kan satar shanu ba ka da ikon ka juya ka tuhume shi da wani tsohon laifi daban. Ƙari a kan haka, mutanen da aka kama da shanun sata a ƙasar Nijar sun riga sun karya dokar Nijar, domin karɓar kayan sata da haɗa baki don aikata laifi da riƙe makami ba izini duk laifuka ne a can. Alƙalin da ya buɗe musu fayil yana da damar cewa sai ya gama nasa. Mu ma haka dokarmu ta ce: wanda ke fuskantar shari'a a nan ba a miƙa shi sai an kammala.

Tafiyar takarda

Ka ce 'yan sandanku sun ce sun rubuta, can sun ce ba su gani ba. Mai yiwuwa kowa gaskiya yake faɗa. Wasiƙar da DPO ya rubuta wa kwamandan jandarma ba buƙatar shari'a ba ce, gaisuwa ce tsakanin abokan aiki. Buƙata ta gaskiya hanyarta daban. Fayil zai tashi daga ofishin 'yan sanda zuwa hedikwatar jiha, daga nan zuwa ma'aikatar shari'a, daga nan zuwa Abuja, ofishin Antoni Janar na Tarayya, inda akwai sashe na musamman da ke karɓa da aika irin waɗannan buƙatu. Su za su tsara ta, a fassara ta zuwa Faransanci, ta bi ta ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci, ta isa Yamai, ta shiga ma'aikatar shari'arsu, sannan ta gangaro Maraɗi. Takardar da za ta je garin da ke da nisan kilomita hamsin da wani abu sai ta yi tafiyar kilomita dubu biyu, ta kwana a kan tebur bakwai ko takwas.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni. Wata shekara muna da shari'ar wasu masu fashin motoci. Ana ƙwace mota a nan, a sauya mata lamba da takardu, ta ƙetare. Mun samu labarin cewa an tsare ɗaya daga cikin motocin a wani gari na ƙetare tare da direban. Abin da muke buƙata kaɗan ne: bayanin direban, da hoton lambar inji da ta shasi, da takardar jami'in da ya tsare motar. Na zauna na rubuta buƙata shafi goma sha ɗaya, ina ji da kaina. Bayan wata bakwai ta dawo ba a taɓa ta ba, da 'yar takarda a manne. Laifi uku aka samu. Ban haɗa da ainihin nassin dokar da muke tuhuma da ita ba, na ambaci lambar sashe kawai. Wanda ya yi fassarar ya mayar da "fashi da makami" zuwa kalmar da ke nufin sata kurum. Na uku shi ne ya fi ƙona mini rai: mun rubuta sunan direban yadda muke rubuta Usman da Shu'aibu, su kuma a rajistarsu Ousmane ne da Chaibou, ranar haihuwa babu, sunan uwa babu, alhali su da sunan uwa da na uba suke tantance mutum. Magatakardan ya duba bai ga mai wannan suna ba. Kafin mu gyara mu sake aikawa, an saki direban, motar kuma ta yi shekara a rana tayoyinta sun fashe. Laifin farko nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

A ƙarƙashin irin wannan tuntuɓe akwai bambancin da ya fi na harshe zurfi. A wurinmu ɗan sanda ke bincike, lauyan gwamnati ya gabatar, alƙali ya zauna a tsakiya yana sauraro, kuma shaida sai ya zo da bakinsa lauyan wanda ake tuhuma ya yi masa tambayoyin ƙure. A Nijar, babban laifi na zuwa hannun alƙali mai bincike. Shi ke kiran shaidu ofishinsa, shi ke ba jandarma umarni, shi ke tara komai a rubuce cikin fayil, kuma wannan fayil ɗin shi ne ƙashin bayan shari'ar. Saboda haka idan alƙalin can ya aiko yana neman takwaransa a nan, babu wanda zai amsa, domin ba mu da irin kujerarsa. Idan mu kuma muka karɓi bayanin da ya ɗauka cikin tsari mai kyau, sai lauyan da ke kare wanda ake tuhuma ya miƙe ya ce, ya mai shari'a, ina wanda ya faɗi wannan magana, ina son in yi masa tambaya. Bayanan waya ma haka: sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 na son takardar tabbaci kan na'urar da ta fitar da bayanin, kuma ma'aikacin kamfanin waya a Yamai bai taɓa jin labarin wannan sashe ba sai idan ka faɗa masa a cikin buƙatarka, ka ma haɗa masa da samfurin abin da zai cika. Labarin da ɗan sanda ya samu ta WhatsApp daga abokinsa jandarma zai iya kai shi ga ɓarawo. Ba zai iya tsayawa a gaban alƙali ba.

Gajeriyar hanya da abin da take jawowa

Na san abin da za ka ce: ai mun ga an kawo Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho da ake tuhuma da halatta kuɗin haram. Gaskiya ne. An kama shi a Yamai a ƙarshen Nuwamban 2020 bayan ya tsallake beli, cikin 'yan kwanaki aka sauke shi a Abuja, kuma a Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya ta ɗaure shi shekara takwas. Amma dubi yadda lamarin yake: ɗan Najeriya ne, akwai sammacin kotu a kansa, ba shi da shari'a a Nijar, kuma manyan hukumomin ƙasashen biyu sun sa ido. Akwai yarjejeniyar haɗin kan 'yan sandan yankin da aka yi a Akara a 2003, wadda ta buɗe ƙofar miƙa wanda ake nema daga hannun 'yan sanda zuwa hannun 'yan sanda, ga kuma Interpol, ƙungiyar 'yan sandan ƙasa da ƙasa. Wannan hanya tana aiki, amma ta fi sauri idan wanda ake nema ɗan ƙasar da ke nemansa ne.

Tsofaffin 'yan kasuwar mota za su tuna Hamani Tijjani, ɗan asalin Nijar da ke zaune a Kwatano, wanda aka zarga da jagorancin masu fashin motoci tsakanin Legas da Benin. Sai da Obasanjo ya rufe iyaka da Benin a watan Agustan 2003 kafin abubuwa su motsa, daga baya aka kamo shi a Mali aka kawo shi Najeriya. Mutane kan kawo wannan a matsayin nasara. Ni ina ganinsa a matsayin shaidar cewa tsarin bai yi aiki ba, tunda sai da shugaban ƙasa ya toshe abincin dubban talakawa kafin a samu mutum ɗaya. Ba kowane mai shanu 38 ne za a rufe wa iyaka ba.

Gajeriyar hanya kuma tana da ranar ƙin dillanci. A Janairun 2018 aka kama Sisiku Ayuk Tabe da wasu jagororin 'yan awaren Kamaru a wani otal a Abuja, aka ɗora su a jirgi zuwa Yawunde ba tare da an bi ta kotu ba. A Maris ɗin 2019 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce abin da aka yi ya saɓa wa doka. Ko me mutum ke gani game da siyasarsu, darasin ga mai gabatar da ƙara a fili yake. Dokarmu ta ce Antoni Janar ya kai buƙata gaban Babbar Kotun Tarayya, a saurari wanda ake nema, kuma ko an amince sai an jira kwana 15 don ya samu damar ƙalubalanta. Waɗannan matakan da ke ba ka haushi yau, su ne za su kare ɗanka gobe idan wani a ƙetare ya yi masa sharri ya ce a miƙo shi. A garuruwan bakin iyaka, inda gaba ta kasuwa ko ta gona kan koma "ai ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne", wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da na ga yana aiki

Abin da ya fi sauya aikinmu ba sabuwar doka ba ce, lambar waya ce. A 2013, da tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka, aka kafa WACAP, wata ƙungiya da ta haɗa masu gabatar da ƙara da jami'an da ke kula da buƙatun ƙetare na ƙasashen Afirka ta Yamma, har da Muritaniya da Cadi. Ba kotu ba ce, ba ta kama kowa. Kowace ƙasa na da mutanen tuntuɓa da aka sani da suna. Amfaninta shi ne kafin ka aika buƙata, ka tura wa na can daftari ya duba ya ce maka gyara nan, ƙara sunan uwa, wannan laifin a wurinmu ga sunansa. Bayan ka aika kuma akwai wanda za ka kira ka ce tana teburin wa. Da ina da irin wannan lambar a lokacin shari'ar motocin nan, kuskuren da ya ci wata bakwai da an gyara shi a yini ɗaya. Ƙasashen Sahel na da irin nasu dandalin tun 2010, kuma a Mayun 2017 Nijar da Mali da Cadi suka sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar da ta sauƙaƙa wa alƙalansu hulɗa da juna. Najeriya ta gwada wata dabarar a 2018, inda ta tura lauyar gwamnati ta zauna tare da masu gabatar da ƙara a Italiya don shari'o'in safarar mutane. Abin da nake tambaya a duk taron da na samu dama shi ne: idan za mu iya ajiye lauya a Sisili ta Italiya, me ya hana mu ajiye ɗaya a Maraɗi, su ma su ajiye nasu a Katsina ko Sakkwato? Ko tafinta ba sa buƙata, Hausa ta ishe su.

Turai ta yi nisa a wannan. Tun 2004 alƙali a ƙasa ɗaya ta Tarayyar Turai ke aika sammaci kai tsaye ga alƙalin wata ƙasar, ba minista ba jakada, kuma an ƙayyade kwana 60 a yanke magana. Amma hakan ya ginu ne kan cewa kowa ya yarda da kotu da gidan yarin ɗan'uwansa. Mu ba mu kai nan ba.

Siyasa kuma ta ƙara dagula ruwan. A Satumban 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun je Maraɗi sun zauna da gwamnan can kan tsaron iyaka, abin ya fara kama hanya. Sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da rufe iyaka da yanke wuta, har zuwa Maris ɗin 2024 da aka sake buɗewa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A Nuwamban 2023 kuma Nijar ta soke dokarta ta 2015 da ta haramta fasa-ƙwaurin baƙin haure, wanda ke nuna maka yadda sharaɗin "laifi a ƙasashen biyu" zai iya zamewa a dare ɗaya. Saboda haka idan ni ke rubuta buƙata zuwa Yamai yau, ba zan jingina ta kan yarjejeniyoyin ECOWAS kaɗai ba. Zan kafa ta kan yarjejeniyar Palamo, wadda ficewa daga ECOWAS ba ta shafe ta ba, in ƙara da alƙawarin ramawa, wato idan kun yi mana yau za mu yi muku gobe. Satar shanu laifi ce a Katsina, laifi ce a Maraɗi, wannan bai canza ba.

Abin da nake ba ka shawara

Ban ga fayil ɗinka ba, kuma lasisina na Najeriya ne, ba ni da ikon tsayawa a kotun Nijar. Don haka matakin farko shi ne ka ɗauki lauya mai rajista a can. Ka ce masa kana son shiga shari'ar a matsayin wanda aka cuta mai neman diyya. Wannan wata dama ce da tsarinsu ya fi namu: a wurinmu wanda aka yi wa laifi shaida ne kawai, a wurinsu yana iya zama ɓangare a shari'ar, lauyansa ya ga fayil, ya roƙi alƙali mai bincike ya yi wani aiki, ya nemi diyya a cikin hukuncin. Ta nan ne za ka san ainihin abin da ake tuhumarsu da shi, da lambar fayil, da sunayensu yadda aka rubuta a can. Waɗannan ukun ka kawo wa jami'in da ke binciken ƙararka a nan, domin ba tare da su ba duk abin da zai rubuta harbi ne a duhu.

Sannan ka tattara abin da alƙalin can ba shi da shi. Shi abin da ya gani shi ne mutum uku da shanun da ba nasu ba. Bai ga daren da aka yi harbi ba. Idan hujjar wannan dare ba ta isa gare shi ba, mai yiwuwa a hukunta su kan karɓar kayan sata kawai, su yi ɗan zama su fito. Yana buƙatar rahoton da ka kai wa 'yan sanda da kwanan watansa, da takardar asibitin da aka cire wa yaron harsashi, da bayanin yaron kansa da na duk wanda ya ga fuskokinsu, da shaidar mallakar shanun. Ku da yaron kuna iya zuwa da ƙafarku idan alƙali ya kira ku, babu dokar da ta hana, kuma wannan ya fi kowace wasiƙa sauri. Takardun hukuma kuwa, irin su rahoton 'yan sanda da kwankwason harsashi idan an tsinta, gara su bi ta ofishin Antoni Janar don kada a yi watsi da su. Ka rubuta takardar koke zuwa ma'aikatar shari'a ta jiha, ka nemi a aika fayil ɗin Abuja da roƙon a miƙa wa Nijar hujjojin don ta gurfanar da su kan fashin gaba ɗaya. Ka karɓi kwafi mai hatimin karɓa, ka riƙa bibiya duk mako biyu. Kada ka ba kowa kuɗi don ya "kawo su ta bayan gida". Idan an yi haka aka samu matsala, kai za a fara nema.

Maganar shanu tara kuma kada ka jira ƙarshen shari'a. Saniya ba mota ba ce, tana ci tana sha tana ramewa, kuma kuɗin kiwonta a hannun hukuma na iya dawowa kanka. Lauyanka ya shigar da buƙatar a mayar maka da su tun yanzu, bayan an ɗauki hotonsu an rubuta kamanninsu a fayil. Ka je da rasit ɗin kara idan kana da shi, da dillalin da ya sayar maka, da katin rigakafin dabbobi, da wasiƙar Sarkin Fulani ko hakimin yankinku da ke tabbatar da cewa tambarin nan naka ne. Ka ɗauki ƙarfen tambarin kansa ka tafi da shi, a gwada shi a kan cinyar saniyar a gaban magatakarda.